Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dabarun Sauƙaƙa Canjin Ruwan Kifi

Yau za mu zauna a bakin tankin kifi, mu yi maganar aikin da kowane mai kiwon kifi ya fi ƙi, wato canjin ruwa.

Kiwon tarwaɗa a bayan gida ya daina zama baƙon abu a garuruwanmu. Wani tankin roba gare shi, wani tamfol ya ɗaure a jikin katako, wani kuma kwami ya gina da bulo da siminti. Ɗalibin da ke Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi zai iya farawa da 'yan kifi 50, ya sayar bayan watanni, ya samu na littafi da na rajistar jarrabawa. Sai dai kafin a kai ga kuɗin akwai ruwa a tsakani, kuma duk mun san wanda ake tura wa jarka a gida: ku ne. Ranar farko ana yin aikin da murna. Mako na uku sai a ce a bari sai gobe. Goben nan ce ke kashe kifi.

Abin da muke so ku riƙe daga wannan darasi guda ɗaya ne: aikin da aka sauƙaƙa shi ne ake yi kullum. Wanda ya tsara tankinsa yadda canjin ruwa zai ɗauke shi minti 15, zai riƙa yi. Wanda sai ya kwashe da bokiti na tsawon awa biyu, zai riƙa ɗagawa har ya wayi gari ya tarar da kifinsa ciki sama.

Me ke ɓata ruwan?

Kifin da ke gulbi ba ruwansa da wannan matsala, domin ruwa na tafiya da ƙazantarsa. Na cikin tanki kuwa a wuri ɗaya yake ci, yake kashi, yake numfashi. Idan ya ci abinci mai gina jiki, jikinsa na fitar da wani sinadari da ake kira ammoniya, mafi yawansa ta jajayen sassan nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, waɗanda yake numfashi da su. Abincin da ya rage a ƙasan tanki da kashin kifin su ma in sun ruɓe ammoniya suke ƙarawa. Ita ce ke sa warin da ke hawa kai a makewayin da ba a wanke ba, kuma guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. Gubar tata na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi.

Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne a jikin bango da tsakuwa. Wasu daga cikinsu na mayar da ammoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa kaɗan ce sai in ya taru da yawa. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware waɗannan ƙwayoyi ya bayyana aikinsu a wajen 1890. 'Yan ajin kimiyya, wannan shi ne zagayen naitirojin da kuke zanawa a darasin bayoloji da na aikin gona. Ga shi nan a bayan ɗakinku.

Ruɓewar ƙazanta kuma na cinye oksijin ɗin da ke cikin ruwa. Dama ruwan zafi bai riƙe iska da yawa: a digiri 20 lita ɗaya na iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai. Ku tuna da zafin watan Afrilu da Mayu a wannan yanki namu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 da rana. Tarwaɗa na da wata gaɓa ta musamman da ke ba ta damar shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa take jure abin da karfasa ba za ta jure ba. Amma juriya daban, ƙoshin lafiya daban. Tarwaɗar da ke cikin gurɓataccen ruwa za ta rage cin abinci, ta daina girma, gyambo ya fito mata. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan na tankinku ya yi wari ko kumfa ta kwanta a kansa, akwai dalili, kuma yawanci dalilin na kwance a ƙasan tankin.

Darasi daga masu kifin teku

Daga Ƙaura Namoda zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 700 ko da a miƙe aka auna, don haka ba ma sa ran wani daga cikinku zai ajiye kifin teku a ɗaki. Duk da haka za mu leƙa wurin masu wannan sha'awa, domin su ne suka fi kowa shan wahalar canjin ruwa, kuma wahalar ta koya musu dabaru.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Jamus akwai mutanen da ke ajiye kifin teku da murjani mai rai a cikin akwatin gilashi a falonsu. Abin ya daɗe. A 1846 wata mata 'yar Ingila, Anna Thynne, ta ɗauko murjani masu rai daga gaɓar teku ta kai su gidanta a Landan. Da farko sai an riƙa kawo mata ruwan teku daga nesa. Daga baya ta gano cewa idan aka riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar yadda ake sheƙa kunu don ya huce, iska na shigarsa ya daɗe bai lalace ba. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Mai akwatin kifin teku ba zai tari ruwan famfo ya zuba ba. Sai ya tace ruwan, ya auna wani gishiri na musamman da aka haɗa don wannan aiki, wanda ya bambanta da gishirin miya, ya dama, ya bar shi ya kwana, ya daidaita zafinsa da na akwatin. Yawancinsu na canja kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu.

Babbar dabararsu ita ce wani ƙaramin tanki na biyu da suke ɓoyewa a ƙarƙashin babban. Bari mu kira shi tankin ƙasa. Ruwa na malala daga saman babban akwatin ta bututu ya sauka cikin tankin ƙasa, ya ratsa ta matata, sannan wani ɗan injin ya sake tura shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana. Ranar canjin ruwa sai mai shi ya kashe injin, ya zuƙe ruwan tankin ƙasa tare da dattin da ya kwanta a ciki, ya cika shi da sabon da ya tanada, ya kunna. Kifin da ke sama ko motsi bai ji ba.

In kun lura, abubuwa huɗu ne suka sauƙaƙa musu: sun san adadin ruwan da za su fitar, sun bar ruwa ya gangara da kansa, sun tanadi sabon ruwa tun kafin ranar, sannan sun ware wurin da datti ke taruwa. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya fi ƙarfin ɗalibi a Zurmi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ku auna, ku ja layi

Ɗauki tef ɗin awo na tela. Auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, amsar ita ce lita. Tankin da tsawonsa santimita 200 ne, faɗinsa 100, zurfin ruwansa 50, yana ɗauke da lita 1,000. A irin wannan tanki kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 20 ce. Ke nan in kana son fitar da kashi 20 cikin 100, wato lita 200, santimita 10 za ka rage.

Yanzu sai ka ja layi biyu da fenti a jikin tankin, in na roba ne daga waje inda kake iya hango inuwar ruwa, in kwami ne ka yi alama a jikin sanda. Layin sama shi ne cikar ruwa, na ƙasa shi ne inda za a tsaya in ana fitarwa. Daga ranar an gama lissafi. Ko ƙaninka ka bar wa aikin ya san inda zai tsaya.

Wani zai tambaya, me zai hana a kwashe ruwan gaba ɗaya lokaci guda a huta? A lissafi kam babban canji ya fi rage ƙazanta. In ka canja kashi 20 sau biyu a jere, abin da ka fitar na tsohon ruwa kashi 36 ne, domin karo na biyu ya haɗa da wani ɓangare na sabon da ka zuba. In ka canja kashi 40 sau ɗaya kuwa, 40 ɗin ka fitar cif. To amma kifi ba lissafi kaɗai ya sani ba. Zafin jikinsa na bin zafin ruwan da yake ciki, don haka sauya masa ruwa gaba ɗaya kamar a ɗauke ka ne daga tsakar rana a jefa ka cikin randa. Ga kuma gogayya da juna da bango in ruwa ya yi ƙasa sosai, wadda ke jawo rauni. Sannan ruwan da za a cika tanki da shi lokaci ɗaya jarka 40 ne masu lita 25, kuma irin wannan aikin ne ake ɗagawa sai gobe. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi.

Na biyu: tiyo a maimakon bokiti

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 200 kilo 200 ke nan, nauyin buhu huɗu na siminti. Babu dalilin da zai sa ka ɗaga wannan nauyi da hannunka alhali ruwa na son gangara da kansa.

Kun sha ganin masu sayar da fetur a bakin hanya suna zuƙo mai daga jarka zuwa galan da tiyo. Wannan dabara ita ce saifon a darasin fiziks. Sharaɗinta biyu ne: tiyon ya cika da ruwa babu iska a ciki, kuma bakin da ruwa ke fita ya kasance ƙasa da saman ruwan tankin. Ruwan da ke gangara a dogon ɓangaren yana jawo na bayansa, nauyin iskar da ke danne saman ruwan tanki kuma na tura wani ya maye gurbinsa. Duk yadda bakin fitar ya ƙara yin ƙasa, gudun ruwan zai ƙaru. Wannan ne ya sa tun ranar kafa tanki ya kamata a ɗora shi a kan dakali ko jerin bulo, kada a dasa shi a rami.

Kada ku tsotsa da baki kamar yadda masu fetur ke yi. Ruwan kifi na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ku nutsar da tiyon gaba ɗaya a cikin tankin har kumfar iska ta daina fita, ku toshe baki ɗaya da babban yatsa, ku fito da shi waje ku saukar ƙasa, sannan ku saki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bakin da ke cikin tanki kuma kada a bar shi yana shawagi a sama. A ɗaure shi a jikin sanda a riƙa bin ƙasan tankin da shi kusurwa-kusurwa, kamar ana shara. Nan ne kashi da ragowar abinci suke, kuma fitar da su kafin su ruɓe ya fi zubar da ruwan sama mai yawa amfani. In kifin ƙanana ne, a ɗaura ɗan gidan sauro a bakin tiyon don kada a zuƙe su.

Wanda ke da ɗan hali zai iya wuce tiyo. A huda tankin daga ƙasa, a sa bututun roba irin na masu gyaran famfo, a haɗa masa gwiwa daga waje, a soka wani bututu a tsaye wanda tsawonsa ya kai layin cikar ruwa. Kada a sa gam a mahaɗar gwiwar, a bar ta tana juyawa. Muddin bututun na tsaye ruwa ba zai fita ba, domin ruwan cikinsa da na tanki tsayinsu ɗaya. In aka karkatar da shi ƙasa sai ruwa ya fito, kuma daga ƙasan tanki yake fitowa inda datti yake. Ruwan zai tsaya da kansa daidai tsayin da aka bar bakin bututun, don haka ko an kira ka cikin gida ka manta, tankin ba zai ƙafe ba. A rufe bakin cikin da raga. Mai gina kwami kuma ya gaya wa magini ya ɗan karkata daɓen zuwa wajen mafitar.

Na uku: ruwan gobe a tanade shi yau

Mu a nan ruwa ba abin wasa ba ne. Gulbin Gagare da ke ratsa yankin Ƙaura Namoda da na Bunsuru da ke bi ta ƙasar Zurmi suna cika da damina su gangara su haɗu da Rima, amma da rani mafi yawan abin da ke cikinsu rairayi ne. Halin tsaron da ake ciki kuma bai bar wa kowa sha'awar tura yaro ɗibar ruwa nesa da gari ba. Saboda haka kafin a sayi ɗan kifi ko ɗaya, a fara tambaya: daga ina ruwan zai fito a watan Afrilu? In amsar ita ce sayen kura daga 'yan garuwa, a sa kuɗin cikin lissafin jari. In ruwan da za a iya samu kaɗan ne, a rage yawan kifin. Kifi 30 masu rai sun fi 100 da suka mutu.

Samu duro mai lita 200, ka ɗora shi a kan abin da ya fi tankin tsayi, ka sa masa kan famfo a ƙasa da ɗan tiyo. Riƙa cika shi a hankali, jarka biyu da safe, biyu da yamma, ko kuma lokacin da famfo ya kawo ruwa. Ranar canji sai buɗewa kawai.

Kwanan ruwa a duro na da amfani uku. Ruwan famfo na gwamnati akan sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin na ƙona sassan numfashin kifi, amma in ruwan ya kwana a buɗe yakan fice. Ruwan rijiyar burtsatse kuma daga ƙarƙashin ƙasa yake, iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, yana bukatar ya sha iska. Na uku, zafin ruwan zai daidaita da na tankin in suna inuwa ɗaya. Wajen zubawa a bar ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama a kan faranti ko ta cikin gwangwanin da aka huhhuda, dabarar Anna Thynne ke nan. Bakin duron a rufe shi da gidan sauro: iska za ta shiga, sauro ba zai samu wurin ƙwai ba.

Duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur ko wani sinadarin da ba ku sani ba, kada ku yi amfani da shi ko an wanke. Haka kuma sabulu da omo kada su kusanci tanki ko tiyo ko bokitin kifi.

Akwai wani darasi na masu kifin teku da ke fitowa a jarrabawa. In ruwa ya bi iska saboda zafi, ruwan ne kawai ke tafiya, gishiri na nan. Lita 100 ta ruwan teku na da gishiri kilo 3.5. In lita 5 ta ƙafe, gishirin nan dai na cikin lita 95, ya tashi daga giram 35 zuwa kusan 37 a lita. Don haka suke cike gurbin da ruwan da babu gishiri. A tankinku ma haka ne: da hunturu da bazara ruwa na raguwa da kansa, amma ƙazantar ba ta bi shi ba. Ƙara ruwa a kan wanda ya ƙafe bai zama canjin ruwa ba. Sai an fitar sannan an canja.

Na huɗu: tankin ƙasa irin namu

Wannan mataki na wanda ya riga ya ƙware a ukun farko ne, ko kuma ƙungiyar matasa manoma ta makaranta. Ana bukatar duro na biyu da ɗan injin tura ruwa mai aiki da batir ko sola.

A ajiye duron ƙasa da tankin. Ruwa ya malalo daga tanki ya shiga duron ta gefe yadda zai riƙa juyawa a hankali, datti mai nauyi ya kwanta a gindi. A sama a sa kwando cike da tsakuwa da aka wanke ko murafun robar lemo ko tsohuwar ragar kamun kifi. Waɗannan ne gidan bakteriya masu amfani, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, don haka a yi haƙuri. Injin ya ɗauki ruwan da ya ratsa kwandon ya mayar tanki. A gindin duron a sa kan famfo. Kullum da safe a buɗe shi a fitar da bokiti ɗaya ko biyu na baƙin ruwa, a mayar da sabo. In tsakuwar ta toshe, a ɗauraye ta da tsohon ruwan tanki, domin ruwan famfo mai kulorin zai kashe bakteriyar.

Ga inda masu tankin ƙasa ke yawan faɗawa. In wuta ta ɗauke ko batir ya mutu, injin ya tsaya, amma ruwan sama bai san an ɗauke wuta ba, zai ci gaba da gangarowa har ya sauka daidai bakin mafita. A tankin da muka auna ɗazu, saukar santimita 2 kawai lita 40 ce. In duron a cike yake, tsakar gida za ta sha. Don haka a bar sarari a duron, a kuma gwada: a kashe injin da gangan a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya, a ja layi. Sannan bututun da ke mayar da ruwa sama, in bakinsa na nutse a cikin tanki, zai iya rikiɗa ya zama saifon ya riƙa zuƙo ruwa baya. Maganinsa ɗan ƙaramin huji a jikin bututun, ƙasa kaɗan da saman ruwa. Da ruwa ya sauka ya kai hujin, iska za ta shiga ta katse zuƙar.

Tankin ƙasa na rage yawan ruwan da ake canjawa, amma bai kawar da canjin ba, domin naitiret na ci gaba da taruwa.

Ina tsohon ruwan zai tafi?

Kada ya tafi kwata, kada kuma ya kwanta a lungu ya zama gidan sauro da abin faɗa da maƙwabta. Abin da ke guba ga kifi abinci ne ga shuka, domin naitirojin ɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda manomi ke saye a buhun takin zamani. A nan mun fi mai kifin teku sa'a, shi nasa ruwan gishiri ne, kashe shuka zai yi. Ku ja tiyon zuwa 'yan kwamin alayyafo da yakuwa da tumatir, ko gindin zogale. Ruwa ɗaya, amfani biyu. A zuba a gindin shuka, a kuma wanke ganye sosai kafin a ci. In an sa wa kifin gishiri ko magani a makon, wannan ruwan kada a kai shi lambu.

Yaushe, kuma sau nawa?

Ya danganta da yawan kifi da girmansu da abincin da ake ba su. Akwatin ado mai 'yan kifi kaɗan kashi 20 a mako ya ishe shi. Tarwaɗar da ake ciyarwa don sayarwa ta fi haka ƙazanta nesa ba kusa ba. Ga mai ƙananan kifi 50 a lita 1,000, muna ba da shawarar ya fara da kashi 20 duk bayan kwana biyu ko uku, ya riƙa ƙarawa suna girma, har ya kai kullum. A yi canjin kafin a ba su abinci, domin kifin da ya ƙoshi in aka dame shi yakan amayar. Da bazara a yi da sassafe ko da yamma. Da hunturu a bari sai rana ta ɗaga, a kuma rage abinci domin sanyi na rage musu ci. Abin da ba su cinye ba cikin 'yan mintoci ya yi yawa, kuma rage abincin banza shi ne canjin ruwa mafi arha.

In kun ga kifi sun ƙi abinci, ko sun tsaya a tsaye a saman ruwa sun daɗe, ko ruwa ya yi wari, kada ku jira ranar da ke jadawali. Ku dakatar da abinci, ku canja kashi 30 zuwa 50 nan take da ruwan da ya kwana, ku maimaita washegari.

Abu biyu kuma ba ma wasa da su. A kashe duk wani abin lantarki kafin a sa hannu a ruwa. Sannan tanki da duro a rufe su da murfi ko raga mai ƙarfi, domin ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarku ba.

Wanda wannan fanni ya burge shi, ya sani karatu ne mai zaman kansa. Ana koyar da kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma akwai cibiyar bincike ta ƙasa kan kifin ruwan daɗi a New Bussa ta Jihar Neja.

Aikin gida

Na ɗaya: wani kwami tsawonsa santimita 150, faɗinsa 120, zurfin ruwansa 60. Lita nawa ke ciki? Santimita nawa za a rage in ana son canja kashi 25 cikin 100, kuma jarka nawa ke nan mai lita 25?

Na biyu: in aka canja kashi 20 sau uku a jere, kashi nawa na tsohon ruwan ya rage?

Na uku: samu bokiti biyu da tiyo. Ɗora mai ruwan a kan kujera, ka ƙirga daƙiƙa nawa saifon zai ɗauka ya cika kwanon sha. Mayar da shi kan tebur ka sake ƙirgawa. Rubuta abin da ka gani da dalilinsa, ka nuna wa malamin fiziks ko na aikin gona.

Za mu kawo amsoshin na ɗaya da na biyu a fitowa ta gaba. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.